Ofishinmu zai tafi Zanzibar, ni kuma ruwa nake tsoro

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan ofishinmu da ke karanta wannan shafi.

Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani mai zaman kansa. Bana an samu riba fiye da yadda aka zata, sai shugabanni suka ce za a kai mu tsibiran Zanzibar na ƙasar Tanzaniya mu yi 'yan kwanaki, wai don mu ƙara sanin juna, mu ƙara haɗa kai a wurin aiki. Kamfani zai biya kuɗin jirgi da masauki da abinci. Tun da aka sanar, ofis ya kaure da murna, kowa sai zancen kayan da zai saya da hotunan da zai ɗauka. Ni kuwa tun ranar barci ya ƙaurace mini.

Anti, ban iya ruwa ba. Kuma ba rashin iyawar kaɗai ba ne, tsoronsa nake ji har cikin raina. Ko gada muka hau a mota sai na kau da kai. To a jadawalin da aka raba mana akwai yini guda cur a teku: za a ɗebe mu a kwale-kwale zuwa wani tudun yashi da ke tsakiyar ruwa, kowa ya sa tabarau da bututun numfashi ya shiga kallon kifaye, daga nan a yi gasar tuƙa ƙananan kwale-kwale mutum biyu-biyu. An kasa mu rukuni-rukuni, har da maki za a bayar. Na shiga intanet don in kwantar da hankalina, sai na ci karo da labarin jirgin ruwan da ya nutse a can a 2011. Abin sai ya ƙara muni.

Da wani ya tambayi manajanmu ko dole ne kowa ya shiga, sai ya yi dariya ya ce ba dole ba ne, amma a nan za a gane wa ke da zuciyar aiki tare. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin akwai kujerar mataimakin shugaban sashe da za a cike nan gaba kaɗan, kuma kowa ya san tsakanina ne da wata abokiyar aikina.

Ita ɗin ce kuma aka haɗa ni ɗaki ɗaya da ita. Ta iya ruwa, tana da baki, kowa nata ne. Duk abin da ta gani ko ta ji, kafin a tashi aiki ya isa kunnen manaja, kuma cikin raha take kai shi yadda ba za ka iya riƙe ta da laifi ba. Ina hango yadda za ta mayar da ni abin dariya idan ta ga jikina yana rawa a bakin teku. Ina hango yadda za a dawo ofis ana ta maimaitawa.

Shawarar da na yanke ita ce in yi shiru har ana gobe tafiya, sai in ce ba ni da lafiya. Ina da ƙawa likita, na san in na matsa mata za ta rubuta mini takarda. Maigidana ya ce in yi abin da hankalina ya kwanta da shi, shi dai bai ga abin tashin hankali ba. Ni gani nake da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma zuciyata ta ƙi natsuwa. Anti, me kike gani?

Taki,
Mai tsoron ruwa

*

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Bari in fara da takardar likitan nan, don ita ta fi damuna. Ki bar wannan shawara. Kamfani zai sayi tikiti da sunanki, ya kama ɗaki da sunanki, kuma ke da kike sashen kuɗi kin fi ni sanin irin kallon da ake yi wa wanda ya janye ana gobe tafiya bayan an gama biya. In sun dawo kowa zai zo gaishe ki da jiki, sai kin ƙago cuta, kin ƙago magani, kin kuma tuna abin da kika faɗa wa wane da wance. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a ofis. Ga ƙawarki da za ki sa ta sa hannu a kan abin da zai iya taɓa aikinta. Duk wannan don ki kauce wa yini ɗaya.

Abin da nake so ki gane shi ne tafiyar nan aiki ce, ko da an yi mata ado da rairayi da bishiyar kwakwa. Kamfani ne ya tsara, shi ya biya, shi ke da alhakin lafiyar waɗanda ya ɗauka. Saboda haka ki bi ta yadda ake bin al'amarin aiki. Ki rubuta wa wanda ke tsara tafiyar saƙo gajere: “Ban iya ruwa ba, don haka ba zan shiga teku ba. Zan halarci sauran shirye-shiryen duka, kuma ina so a ba ni wani aiki a rukunina a wannan rana.” Shi ke nan. Ba sai kin ba da tarihi ba, ba sai kin nemi gafara ba. Mai tsara tafiya in yana da hankali godiya zai yi miki, domin abin da ya fi firgita shi shi ne mutumin da bai iya ruwa ba, kunya ta hana shi faɗa, ya bi sahun jama'a ya faɗa teku. Kuma zan yi mamaki in ke kaɗai ce a ofishin. Akwai masu wannan murnar da cikinsu ya ɗuri ruwa kamar naki, jira suke wani ya fara magana.

Yanzu ga tekun kansa. Filin jirgin sama na Abeid Amani Karume yana kan babban tsibirin Zanzibar ne, Unguja, don haka in can za a sauke ku, ba ruwanki da jirgin ruwa. In kuwa ta Dar es Salaam za ku bi, akwai jirgin ruwa mai ɗaukar kusan awa biyu, akwai kuma ƙananan jiragen sama da ke tsallakawa cikin 'yan mintuna. Ki tambayi wanne aka zaɓa tun yanzu. Jirgin da kika karanta labarinsa, MV Spice Islander, ya nutse ne da dare a watan Satumba na 2011 a kan hanyarsa daga Unguja zuwa tsibirin Pemba, bayan an yi masa lodin mutane da kaya fiye da ƙima. Ba zan ce miki tsoronki shirme ba ne, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Amma amfanin wannan labari a gare ki shi ne ya koya miki tambayoyin da za ki yi: mutum nawa kwale-kwalen ke ɗauka, akwai rigar ceto ga kowa da kowa, kuma wa ke cikin jirgin da aikinsa shi ne lura da waɗanda suka shiga ruwa. Waɗannan tambayoyi ne na mai kula, kuma ya kamata a ce kamfanin ya riga ya yi su.

Kin haɗa abubuwa uku kin dunƙule su wuri ɗaya: tsayawa a bakin teku, shiga kwale-kwale, da faɗawa cikin ruwa. Na ukun ki cire shi gaba ɗaya. Wanda bai iya ruwa ba, ga tsoro, ba a tsakiyar teku zai koya ba, ba kuma a gaban manajansa ba. Gasar tuƙin ma haka, ƙananan kwale-kwalen nan suna kifewa. In kina son koyon ruwa wata rana, ki nemi mai koyarwa a wurin ninƙaya marar zurfi, a lokacin da kika ga dama.

Shiga babban kwale-kwalen kuwa ke za ki yanke, kuma kina iya bari sai kin ga teku da idonki a safiyar. Daga wajen Yuni zuwa Satumba iskar kudu da mutanen can ke kira kusi tana kaɗawa, teku kan yi tsauri; daga Maris zuwa Mayu kuma lokacin manyan ruwan sama ne. In kin ga za ki iya, ki sa rigar ceto tun kina kan tudu, ki ɗaure igiyoyinta su kama jikinki sosai, ki zauna a tsakiyar jirgi inda tangaɗi ya fi sauƙi, ki kafa ido a can nesa inda sama ta haɗu da ruwa. Jiri da tashin zuciya na zuwa ne idan abin da ido ke gani ya saɓa da abin da cikin kunne ke ji, shi ya sa duban waya ke ƙara shi. Akwai maganinsa, ana sha kafin a shiga jirgi, sai dai yana sa barci, don haka ki tambayi likita ko mai harhaɗa magani. Ga aikin da ya dace ki ba ƙawarki ke nan. Ki kuma sani irin wannan tudun yashi ruwa yakan rufe shi idan teku ya cika, masu jirgi da lokaci suke aiki; kada ki ga an ce a tattara da wuri ki ɗauka wani abu ne ya faru. In kuma safiyar ta zo kin ji ba za ki iya ba, ki zauna. Kin riga kin faɗa a rubuce.

Na farkon, wato tsayawa a bakin teku, shi ne ba na so ki rasa. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, teku yana janyewa sau biyu a yini, ya yi nisa har ya bar fili fetal, mata su shiga suna aikin gonakinsu na ciyawar teku. Mutum yana iya tafiya a kan yashi ruwa bai wuce idon sawunsa ba. Ki sa takalmi saboda ƙayar halittun da ke kwance a wurin, ki tambayi ma'aikatan masauki lokacin da ruwan zai dawo, kada kuma ki tafi ke kaɗai.

Maganar manajanku ba ta yi mini daɗi ba. Wanda ya ce “ba dole ba ne” sannan ya ɗora “amma”, ya tilasta ke nan, ya kuma wanke hannunsa. Ni dama ina da shakka a kan irin wannan tafiye-tafiye: suna sa mutane dariya tare, wannan kam gaskiya ne, amma ban taɓa yarda cewa tuƙa kwale-kwale yana gyara ofishin da ake tsoron magana a cikinsa ba. Wata malama a Jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta nuna a bincikenta na 1999 cewa rukunin ma'aikatan da suka fi koyo da gyara aikinsu su ne waɗanda mutum zai iya cewa “ban sani ba” ko “ban iya ba” a cikinsu ba tare da an muzanta shi ba. In da gaske haɗin kai ake nema, saƙonki shi ne gwajin farko, kuma manajan ne zai ci ko ya faɗi. Sai dai kada ki je ki karanta masa wannan. Wataƙila ma raha ce ya yi bai auna nauyinta ba; manajoji da yawa haka suke.

Sai abokiyar ɗakinki. Na lura kin yi zancenta da zafin da ya fi na teku, kuma ina zargin ita ce ainihin abin da ke hana ki barci. To ki duba: mai kai rahoto da sirri yake ciniki. Abin da kika faɗa da bakinki a gaban kowa, kina murmushi, ba ta da inda za ta kai shi. In ta ce “ashe ba ki iya ruwa ba”, ki ce “wallahi ko kaɗan, ni ce mai riƙe muku maki, ki yi ƙoƙari ki burge ni”. Zancen ya mutu a nan. Kina iya roƙon a sauya miki ɗaki tun kafin a rufe lissafi da masauki, ba tare da kin ambaci laifin kowa ba. Ana yin haka, ba baƙon abu ba ne. In bai yiwu ba, ki ɗauki ɗakin nan tamkar ofis ne da aka sa wa gado. Kada ki yi zancen manaja, ko kujerar da kuke nema, ko wani abokin aiki, komai daɗin hirar dare. Wayar gida ki fita waje ki yi ta. Ban da wannan ki sake da ita, ki yi mata kirki. Mai yiwuwa ita ma tana can tana tunanin yadda za ta kwana ɗaki ɗaya da wadda ba ta cika magana ba, ba a san abin da ke ranta ba.

Kuma Zanzibar ba teku kaɗai ba ce. Akwai tsohon garin da ake kira Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, da lungunansa da ƙofofinsa na katako masu sassaƙa, da wurin da kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873. Akwai gonakin kanumfari da sauran kayan ƙamshi. A irin waɗannan wurare, da wajen karin kumallo, da cikin mota, ake yin hirar da shugabanni ke tunawa da ita. Wanda ya ƙi zuwa ba ya cikin ko ɗaya.

Kafin tafiya ki duba fasfonki ya kasance da sauran aƙalla wata shida. In daga ƙasar da ake samun cutar shawara za ku tashi, za a iya neman katin rigakafinta, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Tun Oktoban 2024 hukumomin Zanzibar suka wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta tsibirin, ki tabbatar kamfani ya san da wannan. Ki kuma yi wa likita zancen rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Batun kujera kuwa, kada ki bar shi a hannun kwale-kwale. In kun dawo ki nemi ganin manaja a ofishinsa, ki tambaye shi kai tsaye abin da za a duba wajen cike ta, ki je da ayyukan da kika yi bana a rubuce. Saƙon mai tsara tafiyar kuma ki tura shi cikin makon nan, kafin a biya kuɗin ninƙaya da sunanki.

Anti