Mu 19 za mu Orlando, kuma kowa ya zuba mini ido

Assalamu alaikum Anti. Ina yi miki fatan alheri tare da iyalinki. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a jihar Maryland ta Amurka, kuma mijina shi ne babba a ɗakinsu. Tun bara shi da ƙannensa suka yanke shawarar cewa idan aka yi hutun makaranta a watan Yuli, za a haɗu gaba ɗaya a tafi Disney World, babban wurin wasa da shaƙatawa da ke kusa da birnin Orlando, a yi mako guda, domin Hajiya, mahaifiyarsu, ta ga jikokinta a wuri ɗaya, abin da bai taɓa yiwuwa ba tun da ta dawo zama a wurinmu. Mu 19 ne, manya 9 da yara 10, daga mai wata 8 har zuwa mai shekara 16.

Ba tare da ya shawarce ni ba, maigidana ya rubuta a zauren WhatsApp na dangi cewa ni zan tsara komai, tun daga masauki har abin da za a ci. Tun ranar wayata ba ta huta ba. Hajiya tana da ciwon suga da ciwon gwiwa, kuma abincin Turawa bai karɓe ta ba, in ba ta ga tuwo da dare ba cewa take yi ba ta ci komai ba. Facalata ta farko tana so kullum a ci a manyan gidajen abincin da ke cikin wurin, inda yara za su ɗauki hoto da masu shigar 'yan tsana. Facalata ta biyu kuwa ta kira ni a ɓoye tana kuka, ta ce ko kuɗin tikiti da kyar mijinta yake haɗawa, kuma ta roƙe ni da Allah kada in gaya wa kowa. Mijin ƙanwarsu ya ce shi da iyalinsa ba za su ci naman da bai san wanda ya yanka ba, kuma yana so a faɗa masa inda za a riƙa yin salla. Samarin suna son abubuwan hawa masu gudu, ƙananan kuma tsoronsu suke yi.

Kan duk wannan, mijina ya dage cewa tun daga safe har dare a tare za a riƙa tafiya, wai zumunci ne ya kai mu. Ina tsoron kada a dawo ana gaba, kuma a ce ni ce sila. Anti, ta ina zan fara?

Uwar yara huɗu, Maryland

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan nauyi da kika ɗauka. Tun da fari zan gaya miki cewa a cikin duk abin da kika lissafa, burin maigidanki na tafiya a dunƙule daga safe har dare shi ne ya fi ba ni tsoro, duk da cewa na san da kyakkyawar niyya ya faɗa. Disney World ba fili ɗaya ba ne. Manyan wuraren wasa huɗu ne a warwatse a kan ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 100: Magic Kingdom da aka buɗe a 1971, Epcot a 1982, Hollywood Studios a 1989, sai Animal Kingdom a 1998. A watan Yuli zafin Florida yakan haura digiri 32 tare da gumi mai naci, kuma kusan kowace rana bayan azahar hadari yakan taso da tsawa. Idan mutum 19 suka ce sai sun jira juna a kowace kusurwa, rabin yinin zai ƙare a ƙofar banɗaki da neman wanda ya tsaya sayen ruwa, saurayi yana cika yana batsewa don an hana shi hawan abin da ya zo dominsa, Hajiya kuma tana daurewa don kada a ce ita ta hana jikoki wasa. Wurin ma da kansa zai raba ku ko kun ƙi, domin akwai abubuwan hawa da ake auna tsayin yaro kafin a bar shi ya shiga: Space Mountain, alal misali, sai wanda ya kai santimita 112.

Abin da za ki nema daga maigidanki shi ne ya amince da haɗuwa ta dole sau biyu a rana, sauran lokacin kowane rukuni ya kama gabansa. A shiga tare da safe, a hau abu ɗaya da kowa zai iya, a ɗauki hoton da yake so, sannan a rabu, a sake haɗuwa a kan abincin dare. A Animal Kingdom akwai Kilimanjaro Safaris, babbar mota ce da ke zagayawa da mutane cikin raƙuman dawa da giwaye da zakuna, babu sharaɗin tsayi, kuma ina kyautata zaton Hajiya za ta daɗe tana ba da labarinsa. Samarin da suka kai shekara 14 dokar wurin ta yarda su yi yawo ba tare da babba ba, amma ki haɗa su da ɗaya daga cikin baffanninsu. Iyayen jariri kuma su tambayi ma'aikata tsarin da ake kira Rider Switch, wanda ɗaya zai hau ɗaya ya riƙe yaro, sannan su yi musanya ba tare da na biyun ya koma ƙarshen layi ba. Ki gabatar wa maigida wannan a matsayin abin da lafiyar mahaifiyarsa take buƙata, domin gaskiyar ke nan, kuma ta nan zai fi saurin saurare.

Maganar kuɗi kuwa ba taki ba ce, kuma kada ki yarda ta zama taki. Tsakanin 'yan uwan juna ce, babban wa shi ya kamata ya kira ƙannensa su zauna kafin a biya ko sisi. Sirrin facalarki amana ne, ki riƙe shi. Ba sai kin ambaci sunan kowa ba kafin ki ce wa mijinki a gina tsarin a kan aljihun da ya fi ƙanƙanta, kuma in yana da idon lura, ya riga ya san halin da ƙaninsa yake ciki. A yi asusu guda na abin da ya shafi kowa, wato hayar gida da cefane da hidimar Hajiya, duk abin da ya wuce haka ya zama ganin dama, wanda ya so ya biya wa iyalinsa. Ku sani tun yanzu cewa yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga, amma wanda ya cika 10 kuɗin babba ake karɓa a kansa, a tikiti da kuma wurin cin abinci. Mutane da yawa ba sa sanin wannan sai a gaban mai karɓar kuɗi. Kuma ba dole ba ne a shiga wurin wasa kowace rana. Kwana huɗu a ciki, sauran a huta a gida, ya fi sauƙi ga aljihu da ƙafa.

Game da masauki, ni dai ba zan ba ku shawarar ɗakunan otal ba. A garin Kissimmee da kewayensa akwai gidajen haya na baƙi masu ɗakuna da yawa da kicin, kuma kicin ɗin nan shi ne zai warware miki matsalar mutum uku a lokaci guda. Hajiya ta samu tuwonta da miyar kuka a kan lokacin da maganinta yake buƙata, mijin ƙanwarku ya je da kansa shagon naman halal a Orlando ya sayo abin da hankalinsa ya kwanta da shi, facalarki ta biyu kuma ta ci ta ƙoshi ba tare da ta lissafa kuɗin kowace loma ba. Ku tafi da garin tuwo da kuka da daddawa da yaji daga gida. Amma ki raba kwanakin girki tun kafin a tashi, kowane gida da ranarsa, a rubuta a zauren da aka ɗora miki aikin. In ba haka ba za ki wayi gari ke kaɗai ce a gaban tukunya, sauran suna kallon hotuna.

Da rana kuma, an yarda baƙi su shiga da abincinsu, muddin ba a cikin kwalba ko kwanon gilashi yake ba, ba ya buƙatar ɗumamawa, kuma ba mai ƙarfin wari ba ne. Dambun nama da cincin da dabino da burodi sun isa su riƙe yara har yamma, kuma a wuraren sayar da abinci na tsaye ana ba da ruwan sanyi a kofi kyauta ga wanda ya tambaya.

Facalarki ta farko ma tana da haƙƙi, kada a mayar da ita mai almubazzaranci don ta so 'ya'yanta su ji daɗi. A ba ta zama ɗaya na musamman, kuma a ɗora mata alhakin kama wurin. Ana fara kama tebur kwana 60 kafin ranar, kuma wuraren da yara ke rububi sukan cika da wuri, saboda haka ta shirya tun da asuba a ranar da aka buɗe. Samun tebur ɗaya na mutum 19 yana da wuya, ta raba ku gida biyu ko uku a lokuta masu kusa da juna, ta roƙi a zaunar da ku daura da juna. Ta sani cewa daga mutum 6 zuwa sama ana ƙara tukuicin kashi 18 cikin ɗari a kan kuɗin kai tsaye, kuma wanda ya kama wuri bai zo ba, bai kuma soke a kan lokaci ba, ana cirar masa tara a kan kowane mutum. Buƙatar abincin halal tun wajen kama wurin ake rubuta ta, in an isa kuma a nemi ganin mai dafa abincin a tambaye shi ko an sa giya ko kitsen alade, wanda bai gamsu ba ya tsaya a kan kifi da ganye. Boma, da ke otal ɗin Animal Kingdom Lodge, ana jera abinci irin na Afirka kowa ya ɗebi son ransa, kuma ba a buƙatar tikitin wurin wasa kafin a shiga. Idan maigidanki yana so ya nuna girmansa, ya ɗauki nauyin wannan zaman a matsayin walimar Hajiya, ta haka babu wanda zai ji kunyar aljihunsa.

Hajiya ki nema mata keken marasa lafiya, ko da ta ce ba ta so, domin za ta ce. Wanda ake haya a ƙofar wurin wasa ba a fita da shi waje, don haka ya fi kyau ku yi hayar na mako daga kamfanonin gari ko ku taho da naku. Kowane wurin wasa yana da ɗakin taimakon gaggawa da ma'aikatan jinya, inda za a iya ajiye mata allurar suga a firji, akwai kuma ɗakin shayarwa da canza wa jarirai ƙunzugu. A Magic Kingdom ku lura cewa daga wurin ajiye motoci sai an hau jirgin ruwa ko jirgin ƙasa kafin a kai ƙofa, saboda haka wanda zai mayar da ita gida ya tashi tun kafin ta gaji.

Salla kuma ku tambayi malaminku kafin ku tafi, domin a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya fita daga hukuncin ƙasaru. Ku riƙe ƙananan dardumai a jaka, ku tambayi ofishin kula da baƙi da ke kusa da ƙofa ya nuna muku wuri mai natsuwa. Ranar Juma'a ki sanya ta cikin ranakun hutu: akwai masallacin Islamic Center of Orlando a kan titin Ruby Lake, ba shi da nisa da wurin, maza su tafi da samarin, kuma mijin ƙanwarku shi za ki damƙa wa binciken lokacin huɗuba da na sauran salloli na makon gaba ɗaya.

Antinku