Sukarin Baba ya hau bayan bugun zuciya: me ke faruwa?

Tambaya: Likita, mahaifina ya samu bugun zuciya mako uku da suka wuce. Da aka auna sukarinsa a asibiti sai aka ga 14, alhali bai taɓa ciwon sukari ba. An sallame shi, amma ko masallacin unguwa ya je sai ya dawo yana haki. Sukarin ne ya hana zuciyar warkewa? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan 14 ɗin (a ma'aunin sukari na mmol/L) ya yi yawa, kuma dalilinsa na iya zama ɗaya daga cikin biyu. Idan jijiyar da ke shayar da zuciya ta toshe, wato abin da ake kira bugun zuciya, jiki yakan firgita ya saki sinadarai irin su adrenalin da kotisol, su kuma su sa hanta ta kwararo sukari cikin jini, ko ga wanda ba ya da ciwon. Ko kuma ciwon ya daɗe a ɓoye, sai ranar ya fito fili. Gwajin HbA1c ne ke raba gardama, domin yana nuna yadda sukari ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka shige. Daga kashi 6.5 zuwa sama, ciwon sukari ne. Amma in Baba na da ƙarancin jini ko sikila, ki faɗa wa likitansa, gwajin yakan yi kuskure a kansu.

Ko wanne ne, zuciyar da ta ji rauni ba ta son sukari mai yawa. Yana lalata shimfiɗar cikin jijiyoyi, su kasa buɗewa yadda ya kamata, yana kuma sa jini saurin daskarewa. Shi ya sa ko an buɗe babbar jijiyar, ƙananan da ke ƙarƙashinta sukan ƙi karɓar jini, kamar a buɗe bakin rafi a fadama amma kwatamin da ke kai ruwa kan kunya ya cushe. Naman da ke gefen raunin, wanda da zai farfaɗo, sai ya mutu. Tabo ya faɗaɗa, zuciya ta ƙara girma ta yi sanyin bugu, ruwa ya taru a huhu. Hakin nan shi ya fi damuna. Kada ki jira ranar da aka ba ku, ku koma a yi masa hoton zuciya na eko, ana yi a asibitin koyarwa na Shika.

Sai dai kada tsoro ya sa ku matsa wa sukarin lamba. A gadon asibiti muna neman ya tsaya ƙasa da 10 ne, domin faɗuwarsa ƙasa da 3.9 na iya rikita yadda zuciya ke harbawa. Babban binciken NICE-SUGAR na 2009 ya nuna cewa matse sukari sosai ga marasa lafiya masu tsanani ya ƙara yawan mace-mace. Akwai magunguna irin su empagliflozin da dapagliflozin da ke rage sukari suna kuma taimakon zuciya mai rauni, ki tambayi likitansa ko sun dace da ƙodarsa.

A gida, a janye masa lemon kwalba da shayi mai cokali uku, a rage malmalar tuwo a ƙara miyar ganye. Kuma ki sani mai sukari kan samu bugun zuciya ba tare da ciwon ƙirji ba. In kin ga gumi mai sanyi, amai, ko ya kasa kwanciya sai a zaune, ku nufi asibiti ko da tsakar dare ne.