Amsa: me ke sa shugaban cibiyar ilimin manya ya yi nasara ko ya kasa?

Malama, kin tambaya me ya sa za a ga cibiyoyi biyu da kayan aiki iri ɗaya, ɗaya ta cika maƙil, ɗaya kuma ta zama kufai, ko laifin shugaba ne. Na riƙe irin wannan cibiya shekaru da dama, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Babban abu shi ne ikon da aka sakar masa. Shugaban da ba zai iya sauya lokacin darasi ba sai ya rubuta takarda ya zauna jiran amsa daga ofis, an ɗaure masa hannu tun kafin ya fara. Ɗalibanmu magidanta ne da iyaye mata, kowa da hidimarsa. Akwai lokacin da ajinmu ya kusa watsewa don mun sa darasi ƙarfe huɗu, alhali yawancinsu ba su tashi daga aiki ba. Na tara su, muka yi shawara, muka mayar da shi ƙarfe shida. Wata baiwar Allah da ta yi mako uku ba ta leƙo ba ta dawo da littafinta a naɗe cikin leda, ta buɗe daidai shafin da ta tsaya. Har gobe ina tuna wannan.

Wannan shawara da jama'a ita ce ƙashin bayan aikin. A Jafan, inda aka fara cibiyoyin ilimin al'umma da ake kira Kominkan a 1946, dokar 1949 ta tanadi majalisar da ke ba shugaban cibiya shawara. A Burazil kuma, a garin Angicos a 1963, masanin ilimi Paulo Freire ya koyar da manya wajen 300 karatu da kalmomin da suke amfani da su kullum.

Sai alawus ɗin malamai. In ya makara wata biyu, malamin kirki zai kama gabansa, ɗalibai kuwa malaminsu suke bi. Nan ba yadda shugaba zai yi.

Rashin horar da shugabanni ma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sau da yawa malamin aji ake ɗaukowa a ce ya shugabanta, ba wanda ya koya masa riƙe littafin kuɗi ko rubuta rahoto.

In za ki auna shugaban naku, kada ki tsaya kan yawan waɗanda suka yi rajista. Ki karɓi rajistar halarta ta wata na uku, ki ƙirga waɗanda suke zuwa har yanzu, sannan ki tambaye shi ko ya san dalilin tafiyar sauran.