Tambaya da Amsa: Me ya sa jiha za ta kashe kuɗi don a rage shan wuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce a Amurka wasu jihohi kuɗi suke kashewa don mutane su rage amfani da wutar lantarki, abin ya ɗaure min kai. Ba gara su gina sabbin tashoshi ba? Kuma ta yaya kamfanin da wuta ce hajarsa zai yarda a rage masa ciniki? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, amma fa ba cewa ake yi mutum ya zauna a duhu ba, a'a, a samu haske iri ɗaya da sanyi iri ɗaya da wuta kaɗan. Ɗauki kwan fitila irin na da mai wat 60, wanda in ya daɗe a kunne ba ka iya taɓa shi don zafi, toh wannan zafin kuɗinka ne ke ƙonewa a banza. Kwan LED mai wat 9 ko 10 zai ba ka wannan hasken. Ka lissafa gida miliyan guda, ka haɗa da firji da na'urar sanyaya ɗaki, sai ka ga tasha sukutum ce ba sai an gina ba.

Kalifoniya ce ta yi fice a wannan harka. Bayan rikicin man fetur na 1973 ta kafa hukumar makamashi, a 1978 ta fara aiki da dokar gini wadda ta ce dole sabon gida ya zama bango da rufi da tagoginsa suna riƙe ɗumi da sanyi, ga kuma ƙa'ida kan wutar da firji zai sha. Masanin kimiyya Art Rosenfeld yana cikin waɗanda suka dage a kai. Daga nan shekaru wajen 30 wutar da mutum ɗaya ke sha a jihar kusan ba ta motsa ba, alhali a sauran ƙasar sai hawa take yi. Amma in faɗa maka gaskiya ba doka kaɗai ba ce, yanayinsu ba shi da tsanani kuma wutarsu tsada gare ta, wannan ma ya taimaka.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi burge ni, don nan gizo ke saƙar. Babu ɗan kasuwar da zai ce maka ka rage saye. Shi ya sa a 1982 Kalifoniya ta raba kuɗin shigar kamfani da yawan wutar da ya sayar, wato hukuma ce ke yanke abin da ya kamata ya samu a shekara, in ciniki ya ragu a ɗan ƙara farashi, in ya wuce a mayar wa jama'a rarar, ka ga ke nan ba shi da dalilin tura ka ka sha da yawa. Teksas kuma a 1999 doka ta yi cewa kashi 10 cikin 100 na ƙaruwar buƙatar wuta ta hanyar tsimi za a cike shi. Jihar Bamont a 2000 ta buɗe Efficiency Vermont, wanda aikinsa kawai taimaka wa gidaje da masana'antu su rage ɓarna, da ɗan kuɗin da ake ƙarawa a bil ake tafiyar da shi.

Batun tattalin arziƙin gari kuwa, jihar da ba ta da gas ko kwal kuɗin makamashinta da yawa waje yake fita. Amma toshe kafar iska a taga, sa abin tare sanyi a silin, canza wayarin da injina, wannan aikin hannu ne, dole leburan da kafintan da mai gyaran wutan su zo har gidan, ba a yin sa daga wata ƙasa. Kuɗin da ya rage wa magidanci a bil kuma galibi a kusa yake kashe shi.

Inda abin ke damuna shi ne 'yan haya. Mai gida ba shi ke biyan bil ba don haka ba ruwansa da gyara, ɗan haya kuma ba zai zuba kuɗi a gidan wani ba, sai ka ga talaka ne ke zaune a gidan da ya fi zubar da wuta. Tun 1976 gwamnatin tarayyar Amurka ke ba jihohi kuɗi su gyara wa masu ƙaramin ƙarfi gidajensu kyauta, har da na haya in mai gidan ya amince, sai dai masu jiran layi sun fi kuɗin yawa nesa ba kusa ba.