Jitar Custom Shop da ta layin masana'anta: ina bambancin yake, kuma me lambar jiki take tabbatarwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni makaɗin jita ne a nan Kaduna, ina bin wata ƙungiya zuwa wuraren biki, kuma Stratocaster, jitar lantarki ta kamfanin Fender, ƙirar Meziko nake kaɗawa tun da daɗewa. Wani dillali ya kawo mini wata Stratocaster ta gwanjo wadda fentinta ya ƙoƙƙoje, ya ce ta Custom Shop ce, wato sashen ƙira ta musamman na Fender, mai ita ne ya matsu, shi ya sa zai rabu da ita a kuɗin da ya ɗara na sabuwar ƙirar Meziko kaɗan. Na saka lambarta a intanet ta fito daidai, ga kuma takardar shaida. Sai na sayar da babur ɗina kafin kuɗin su cika, ya kuma ce zuwa Juma'a wani zai ɗauka. Hankalina ya ƙi kwanciya. Shin bambancinta da tawa ya kai a yi mata wannan sadaukarwa, kuma tunda lamba ta fito, ba shi ke nan ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sayar da babur ɗin nan, kada kuma ka ba da ko kafin alƙalami, sai an yi abin da zan faɗa maka a ƙasa. Rashin kwanciyar hankalin naka yana da dalili, kuma dalilin yana cikin farashin da aka yanka maka.

Bambanci kam akwai shi, ba zan rage masa daraja ba. Kamfanin Fender ya buɗe sashen Custom Shop a 1987 a garin Corona na jihar Kalifoniya, da magina biyu, John Page da Michael Stevens, kamfanin Gibson kuma nasa sashen yana Nashville, inda tun 1993 ake sake ƙera samfuran da suka yi suna a da, musamman Les Paul ta 1959. Abin da mutanenmu suka ɗauka shi ne wani dattijo ne ke zaune da gizago yana sassaƙa jitar daga kututture har ta zama abin kaɗawa. Ba haka ba ne. A can ma na'ura mai aiki da kwamfuta ce take fara yanka gangar jiki da wuya, kamar yadda ake yi a masana'antar Ensenada ta Meziko inda aka ƙera taka. Bambancin yana farawa ne daga katakon da aka ware, ya ƙare a yawan lokacin da hannun gwani ya ɓata a kan jita guda.

Wajen katako, sashen na musamman shi ke fara zaɓe. Ana auna nauyi a ware marasa nauyi, a haɗa gangar jiki da ɓari biyu, wani lokaci ma guda ɗaya, alhali ta layi tana iya zama ɓari uku ko fiye da aka manne aka rufe da fenti. Wuya sau da yawa ana yanko shi ta yadda zaren itacen zai tsaya a miƙe, abin da ke taimaka masa ya jure murɗewa. Fenti kuwa, na layin Fender mai kauri ne irin na roba, foliyesta ko foliyuritan, wanda ya fi jure wahala, na Custom Shop kuma galibi naitiro ne, siriri, mai tsufa tare da jitar, yana yin ƙananan tsage kamar gashi. Sai aikin ƙarshe, wanda a ganina shi ne ainihin abin da kuɗin yake saya: daidaita ƙarafan firet, wato waɗanda ke gicciye a kan wuya inda ake danna tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya, goge bakinsu har yatsa ya wuce bai ji kaifi ba, lanƙwasa gefen allon yatsu ya zama kamar wanda aka daɗe ana kaɗawa, da yanka ramukan tsirkiya a ƙashin kai, wato ɗan abin da tsirkiya ke hawa a ƙarshen wuya, gwargwadon kaurin kowace. Wasu fikof ɗin, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, da hannu ake jan zarensu wajen naɗi, aikin da Abigail Ybarra ta shahara da shi. Ta shiga Fender a 1956, ba ta yi ritaya ba sai 2013, Josefina Campos ta gaje ta. A wajen Gibson, ta Custom tana da dogon harshen wuya da ke shiga can cikin gangar jiki, ana kuma manna shi da gam na fatar dabba irin na da. Shi ma sashen hawa biyu ne a Fender: akwai wadda ƙaramar tawaga take ƙerawa, akwai kuma Masterbuilt, wadda magini ɗaya yake ɗaukar nauyinta tun daga zaɓen katako, sa hannunsa kuma yana bayan kan jitar.

Kamar rigar kanti ce da ɗinkin tela: ta tela ta fi zama a jiki, amma idan da awonka aka yanka ta. Wanda ya ba da odar Custom Shop shi ya zaɓi kaurin wuya da lanƙwasar allo da irin fikof, kai kuma da za ka saya a hannu na biyu zaɓin wani za ka gada. Yawancinsu ma kwaikwayon ƙirar shekarun 1950 da 1960 ne da gangan, har da matsalolinta: firet 21, wani lokaci allo mai lanƙwasar inci 7.25 da ke shaƙe sauti idan ka ja tsirkiya sama alhali an saukar da ita ƙasa sosai, da wurin gyaran sandar ƙarfen da ke cikin wuya da aka ɓoye a gindi, sai an sassauta wuya kafin a kai gare shi. Fikof ɗinta mai naɗi ɗaya zai yi gunji a filin biki da janareta kamar yadda naka yake yi. Kuma ta lasifikar haya, tsakanin ganguna da piyano, ba na jin akwai ɗan biki ɗaya da zai bambance ta da taka idan an yi wa taka saiti mai kyau. Hannunka ne zai ji bambancin, ba kunnen jama'a ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato "lamba ta fito daidai". Wannan magana ta cinye kuɗin makaɗa da yawa a garin nan, kuma kusan duk wanda ya shigo shagona da jitar jabu da ita yake fara kare kansa. Lambar da ka saka a intanet abu ɗaya kawai ta gaya maka: kamfanin ya taɓa ƙera wata jita mai wannan lamba. Ba ta ce wadda ke hannunka ita ce ba. Masu ƙera jabu ba ƙirƙirar lamba suke yi da ka ba, hotunan jitocin gaske suke bi a shafukan sayar da kaya su kwafe, sai su buga lamba ɗaya a kan jita ɗari, kowace kuma idan aka bincika za ta "fito daidai". Abin ya fi sauƙi ma a Fender, domin a yawancin na Custom Shop lambar tana kan farantin ƙarfen da ke bayan mahaɗar wuya, sau da yawa tana farawa da R ko CZ, farantin nan kuwa sukuru huɗu ne suke riƙe da shi. Duk mai sukundireba zai iya cire shi daga wata jita ya ɗaura a wata kafin shayi ya huce. Tambarin bayan kai sitika ce da ake sayarwa. Takardar shaida kuwa, wanda ya iya ƙera jita sukutum, buga takarda mai hatimi ne zai gagare shi?

Kada ka ɗauka ƙaramar sana'a ce. A watan Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka suka sanar da kama jitocin Gibson na jabu sama da 3,000 a tashar ruwan Los Angeles da Long Beach, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Wannan a ƙasar da kamfanin yake ke nan, inda yake da lauyoyi da masu sa ido. To ina ga kayan da ke shigo mana a kwantena, a cakuɗe da tsofaffin lasifikoki, babu mai tambayar asalinsu?

Ƙoƙƙojewar fentin ma da ta burge ka ba hujja ba ce. Tun 1995 Fender yake sayar da sababbin jitoci da aka tsufar da su da gangan, waɗanda ake kira Relic, Gibson ma yana da sashen Murphy Lab don irin wannan aiki. Wannan ya zama garabasa ga 'yan damfara, domin duk aibin da ka nuna sai a ce maka ai haka aka yi ta. Na ga wadda aka goga wa samfefa a wuraren da hannun makaɗi ba ya taɓa kaiwa, aka jiƙa sukurorinta suka yi tsatsa, aka shafa wa allon yatsu man takalmi. Naitiro na gaske sirancewa yake yi a hankali har katako ya bayyana, gefen wurin ya yi laushi. Fentin roba kuwa ɓallewa yake yi ɓaro-ɓaro, ka ga kaurinsa da ido, gefensa da kaifi.

Akwai kuma kashi na biyu da ba jabu ba ne, amma dillalai suna cin kasuwa da shi. Wasu jitocin Meziko na jerin Classic Player suna ɗauke da faranti mai rubutun Custom Shop Designed, ma'ana maginan sashen ne suka tsara su, masana'antar layi ta ƙera. Wasu na Epiphone ma, reshen Gibson mai araha, suna da hatimin Custom Shop a bayan kai, alhali a Asiya aka yi su. Kaya ne masu kyau a farashinsu, ba a ninkinsa ba. Kashi na uku shi ne haɗe-haɗe: wuya na gaske, gangar jiki ta wani wuri, fikof na wani wuri. Irin wannan ita ta fi wahalar ganewa, domin rabin shaidarta gaskiya ce.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu kiran kansu ƙwararru, waɗanda za a tura wa hoto biyu ta WhatsApp su ce "orijina ce, saya", ko su ɗaga jita su jijjiga su ce nauyinta ya nuna. Na gaske ma ai marasa nauyi ake zaɓar musu. Wani kuma da dillalin suke raba la'ada, kai ba ka sani ba. Ba a tantance jita daga waje, sai an buɗe ta, kuma buɗe Stratocaster ba ya ɓata ta, don haka aka yi ta da sukuru.

Ka ce wa dillalin ya kawo ta wurin mai gyaran da kai ka zaɓa, a buɗe a gabansa. A sassauta tsirkiya a cire wuya, a duba gindinsa da ramin da yake zama, inda ake samun hatimai da kwanan wata da alamun ma'aikata. Ramin ya kasance a tsaftace, wuya ya zauna cif ba tare da an cusa kwali ba. A ɗaga farantin gaba a ga kayan ciki: a ƙirar da ke kwaikwayon ta da, wayoyi masu rigar zare ake sa ran gani, da manyan maɓallan murya na CTS, da makunnin fikof buɗaɗɗe mai sifirin. Idan aka tarar da 'yan mitsi-mitsin maɓallai, da siraran wayoyin roba, da makunni mai kama da ƙaramin akwati, magana ta ƙare. A juya baya a duba dunƙulen ƙarfen da tsirkiya ke ratsawa, ya zama mai kauri cikakke, ba siriri ba. Idan an ce kwaikwayon ta 1950 da wani abu ce ko farkon 1960, amma ga ramin gyaran wuya a kai da baƙar roba a bakinsa, wannan ma amsa ce. Sannan a ɗauki hotunan duk waɗannan a aika wa sashen kula da masu saye na kamfanin tare da lambar, a tambaya ko launi da irin wuya da fikof ɗin da ke rajistarsu sun dace da abin da ke hannu. A nan ne lamba take da amfani. Idan dillali ya ce ba za a buɗe ba, ko ya ce lokaci ya ƙure, ka bar masa kayarsa. Wa'adin Juma'ar nan an yanka shi ne don kada ka samu sukunin bincike.

Ka kuma yi lissafi da kanka. Sabuwar Custom Shop ta tawaga tana haura dala 4,000, Masterbuilt ta fi haka nesa ba kusa ba, ƙirar Meziko ta jerin Player kuwa ba ta kai dala 1,000 ba. Irin waɗannan jitoci ba sa faɗuwa warwas a hannu na biyu, kuma duk wanda ya mallaki ta gaske ya san abin da ya biya, ya kuma san inda zai sayar a Legas ko Abuja. Matsuwa tana sa a rage wani abu, ba ta sa a yafe kashi uku cikin huɗu.

Ko da ta tabbata ta gaske ce, ka tuna a Kaduna za ta zauna. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a tsakiyar hunturu kuwa namu yakan sauka ƙasa da 20, katako ya tsuke, bakin firet ya fito yana yankar hannu, wuya ya motsa, kuma tsadar jita ba ta hana wannan. Naitiro ba ya shiri da robar wasu matsayan jita, ko turare, ko maganin sauro na shafawa, ga shi kai a bayan mota da filin biki kake aiki. Taka ta Meziko ta fi dacewa da wannan rayuwa. Kawo ta a daidaita firet, a sa sabon ƙashin kai, a shimfiɗa takardar tagulla a ramin fikof don rage gunji, a yi mata saiti a farkon hunturu a sake a farkon damina, idan da hali a canza fikof. Duka wannan ba zai kai kuɗin babur ba. Idan gunjin ya ci gaba, a duba wayar ƙasa ta amfilifaya da ta janareta, kada kuma ka yarda wani ya cire ƙafar filogi ta uku da sunan magani, domin tsirkiyar da ke hannunka a haɗe take da wannan layin, kuma shi ne kariyarka idan wuta ta zube a jikin amfilifaya.