Shawarwari ga manoma: Sauro ne ko ƙwaron shinkafa?

Wani manomi daga Kura ya aiko da hoton ƙwaro mai kama da sauro da ya kama a jikin fitila kusa da gonarsa ta shinkafa, yana tambayar wane irin sauro ne.

Malam, wannan ba sauro ba ne, domin ba shi da dogon bakin nan mai kama da allura, kuma cikinsa ja ne. Ƙwaron nan ne da ke mayar da ganyen shinkafa kamar na albasa. Macen tana yin ƙwai a kan ganye, tsutsar ta gangara cikin zuciyar shukar tana ci, sai wani farin bututu ya fito, kuma duk reshen da ya yi haka ba zai fitar da zangarniya ba. Ya yi mummunar ɓarna a yankin Abakaliki a shekarar 1988. Abin da ke damuna shi ne, duk shekara ina faɗa, amma da an ga bututun sai a garzaya kasuwa a sayo magani mai tsada, alhali tsutsar tana ɓoye inda feshi ba ya kai wa, kuma feshin yana kashe ƙananan ƙwarin da ke cin ta. Ka yi dashe da wuri, lokaci ɗaya da maƙwabtanka, ka cire gyauro da shinkafar daji da ke bakin fadama, ka rage yawan takin yuriya, sannan ka nemi iri mai juriya irin su FARO 51.

Wata baiwar Allah daga Haɗeja ta turo hoton tsutsotsi a ruwan gonarta. Hajiya, tsutsar da ta kwanta a miƙe a saman ruwa ta sauron Anofilis ce, mai yaɗa zazzaɓi, wadda kuwa ta rataya kai ƙasa ta wani jinsin ce. Ki riƙa janye ruwan na 'yan kwanaki har ƙasa ta sha iska, kuma a kwana cikin gidan sauro.

Mai tambaya kan baƙin sauro mai fararen zane a ƙafa: shi ne mai cizo da rana, mai yaɗa cutar shawara, don haka ka zubar da ruwan tsofaffin tayoyi, ka rufe randuna.

Ga masu turo hoton sauron da aka murƙushe da tafin hannu, ba a iya gane komai a ciki. A ɗauka daga gefe yana zaune a bango, domin Anofilis yana ɗaga bayansa sama.