Jini ya gyaru, ƙafa ba ta dawo ba

Jiya ka tare ni a ƙofar ɗakin fisiyo, inda muke gashin ƙashi da motsa jikin marasa lafiya, kana tambaya, "Malam, me ya sa yaron nan mai sikila da ya dawo daga Indiya bayan dashen ɓargo yake tangaɗi kamar tsoho, alhali takardarsa ta nuna jini lafiya lau?" Ina sauri lokacin. Ga amsarka, ɗana.

Takardar jini ta auna, ba ta auna ƙafa ba. Kafin a zuba masa ƙwayoyin ɓargon ɗan'uwansa, sai da aka kashe nasa da magunguna masu ƙarfi irin su busulfan. Sannan aka killace shi a ɗaki ɗaya mako uku zuwa huɗu, saboda garkuwar jikinsa ta rushe. Ga amai, ga gyambon baki da ke hana cin abinci, tafiyarsa duka daga gado zuwa bayi. Naman cinya kuwa ba ya haƙuri da kwanciya, nan da nan yake zubewa.

Idan kuma sabon ɓargon ya juya yana yaƙar jikin da ya karɓe shi, abin da likitoci ke kira GVHD, sai a ɗora shi kan prednisolone mai yawa. Wannan magani naman ƙugu da na cinya yake fara ci. Fuska ta cika, dangi su ce masha Allah ya yi ƙiba, ƙafafu kuwa sun tsotse a cikin wando.

Abu uku ke riƙe mutum a tsaye: ido, kunnen ciki, da jin da tafin ƙafa ke yi wa ƙasa. Wasu magungunan kan taɓa jijiyoyin tafin, ya riƙa ji kamar a kan auduga yake taku. Da rana ido yana rufa masa asiri. Bari a ɗauke wuta cikin dare, ya tashi fitsari, ya taka jiƙaƙƙen siminti da silifas, nan ake faɗuwa. Shi ya sa nake sa su haɗe ƙafa su rufe ido, ni kuma hannuna na daf da ƙugunsu.

Gwajin da kuka karanta yana da amfani: ya tashi daga kujera, ya yi mita 3, ya juyo ya zauna. Amma kada idonka ya tsaya kan agogo, wurin juyawar za ka kalla. Ka ƙirga sau nawa zai tashi ya zauna cikin daƙiƙa 30 ba tare da dafa gwiwa ba. Ni dai tambayar da ta fi ba ni gaskiya ita ce yadda yake salla. Yana miƙewa daga sujada ba tare da lalubar bango ba? Yana iya tsugunawa ya yi alwala ya tashi? Matashi zai ce maka ƙalau yake, amma ba zai yi maka ƙarya a kan salla ba.

Kafin ka taɓa shi, duba filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da jini. In sun yi ƙasa da 20,000, ba na ba shi ƙarfe ko roba ya ja, sai motsi mai sauƙi a bakin gado, don buguwar kai kaɗan na iya zubar da jini a ƙwaƙwalwa. Zazzaɓi ko kaɗan ne, ka tsaya ka kira likitansa. A kwana 100 na farko kada ka cusa shi cikin cunkoson ɗakinmu, kuma in kana mura ka aiko wani.

Wani abu da ya keɓanci masu sikila: in yana ɗingishi yana nuna matsematsi, kada ka ce rauni ne ka ƙara masa atisaye. Mai yiwuwa kan ƙashin cinyar ne ya mutu tun kafin dashe, kuma sabon ɓargo ba ya tayar da mataccen ƙashi. A ɗauki hoto tukuna.

Tun 2011 aka fara wannan dashe a Najeriya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, don haka irinsa za su yi ta zo maka. Aikin da zai fi ba ka wuya ma mahaifiyarsa ce. Ta sayar da abin da ta sayar, ta yi watanni a ƙasar da ba ta jin yarensu, yanzu ko buta ba ta bari ya ɗauka. Kada ka yi mata faɗa. Ka ba ta aiki: ta riƙa zagaya tsakar gida da shi safe da yamma, tana ƙirga zagayen, ta kawo maka lissafi.

Ranar Litinin kai za ka auna shi, ina gefe. Ka zo da kujerar nan marar taya.